Daga Rijiya zuwa Ramin Zinare: Tarihin Tokare Ƙasa a Karkarar Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Ɗambatta, ko wadda ta ratsa Dawanau ta wuce Bichi, abin da zai cika masa ido shi ne gonaki manne da juna, babu saura babu daji, sai ɗorawa da tsamiya da gawo a tsaye tsakanin gero da dawa da gyaɗa. Masana sun daɗe suna nazarin wannan yanki. A shekarar 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka wallafa bincikensu a kan ƙasa da jama'ar da ke kewaye da Kano, inda suka nuna yadda ake noma gona guda shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, da taimakon takin da jakuna suke ɗebowa daga birni. Sai dai mafi yawan abin da aka rubuta ya tsaya ne a bisa doron ƙasa. Akwai wani tarihin a ƙarƙashinta, domin jama'a masu yawa irin haka ba su zauna wuri guda sai da ruwan sha da ƙarfen noma da ƙasar gini, kuma dukkan ukun sai wani ya shiga rami yake fito da su.

Wannan maƙala za ta bi sawun mutumin da ke cikin ramin nan, da ilmin da ya hana ƙasa ta rufe shi. Abin da take son tabbatarwa shi ne, a kowane zamani, abin da ke tsare ran mahaƙi abu biyu ne a haɗe: sanin halin ƙasa, da samun wani a bakin rami wanda idan ya ce a fito, za a fito. Duk lokacin da aka raba waɗannan biyun, an yi jana'iza.

Tama da ruwa

Tarihin Kano kansa daga rami ya soma. Labarin gargajiya ya nuna cewa maƙeran Abagayawa sun taso daga Gaya suna neman tama, suka same ta a wajen Dutsen Dala, suka zauna. Binciken masu tonon kayan tarihi ya ƙarfafa wannan labari, domin an gano alamun narkar da ƙarfe a gindin Dala da aka ƙiyasta shekarunsu zuwa ƙarni na bakwai na Miladiyya. Daga wannan lokaci har zuwa shigowar Turawa, garma da fartanya da lauje da gatarin da suka mayar da dajin Kano gona, daga tamar da aka haƙo cikin marmara aka ƙera su. Sana'ar kuwa tana da shugabanci, tun daga Sarkin Maƙera na birni har zuwa dattawan maƙeran ƙauye, kuma ɗa a gaban ubansa yake koyo.

Rami na biyu shi ne rijiya. A arewacin Kano rafuka ƙafewa suke yi da rani, saboda haka duk ƙauyen da ka gani, rijiya ce ta kafa shi. Ƙasar da mai haƙa yake ratsawa ba iri ɗaya ba ce. Daga sama akwai jigawa mai laushi wadda iska ta shimfiɗa tun zamani mai nisa, a wasu wuraren sai a tarar da marmara mai tauri, a ƙarƙashinta ruɓaɓɓen dutse mai ɗauke da ruwa, sa'an nan a dira a kan fa. Idan aka nausa arewa maso gabas kuwa, dutsen nutsewa yake yi a ƙarƙashin yashi da yumɓun kwarin Tafkin Chadi, rijiya ta ƙara zurfi, gefenta ya ƙara saurin zubewa. Gwanin rijiya bai karanta wannan a littafi ba, amma da launin ƙasar da ke fitowa cikin guga yake gane inda ya kai, kuma da gaba yake auna zurfinsa.

Idan aka dubi ƙa'idojin wannan gwani da idon injiniyan yau, za a ga babu ko ɗaya da aka kafa a banza. Yana haƙa ne da rani, lokacin da ruwan ƙasa ya ja da baya kuma gefen rami ya bushe. Yana yin ramin a zagaye, kuma ba ya faɗaɗa shi fiye da yadda mutum zai tsuguna ya juya da ɗan gajeren magirbinsa. Hikimar ita ce, nauyin ƙasar da ke kewaye da rami mai zagaye bin da'irar yake yi, kowane sashe yana danne ɗan'uwansa, maimakon ya taru a kusurwa ya tsage. Yana ɗaure bakin rijiya da duwatsu ko itace mai ƙarko, domin nan ne ƙasa ta fi laushi kuma ƙafa ta fi takawa. Ba ya kuma shiga shi kaɗai: akwai igiya, akwai mutane a sama, akwai babba wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Masu iya magana da suka ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, daga wajen waɗannan mutane suka ɗauko darasin.

Magina ma sun san rabin wannan ilmi ta wata fuskar. Sun san azarar giginya da ƙyar take tsallake mita biyu ba tare da ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasar rufi ba, shi ya sa suka ƙirƙiro bakan gizo, wanda da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na sha tara. Wato Bahaushe ya daɗe da sanin cewa rufi yana da iyakar faɗin da zai iya ɗauka, kuma ƙasa ta fi tsayuwa idan an lanƙwasa ta.

Shari'a ma ba ta bar zancen ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ilmi suke karantawa a zaurukan Kano, an bayyana cewa babu diyya a kan kowa game da wanda ya mutu a rijiya ko a mahaƙa, amma an gindaya sharaɗin cewa ba aikin wani ne ya jawo mutuwar ba. Malaman Malikiyya kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rami a inda ba a yarje masa ba, kamar kan hanyar jama'a. Ke nan tun a wancan lokaci ana bambanta ƙaddarar da ta faɗo daga sama da ɓarnar da hannun mutum ya jawo.

Wannan ba ya nufin cewa ilmin gargajiya ya cika. Rauninsa yana can ƙasa, inda rijiya ta haɗu da ruwa. Yashi mai ɗan danshi yana iya tsayuwa kamar bango, amma da zarar ruwa ya cika tsakanin ƙwayoyinsa sai ya kwarara kamar kunu, ya bar kogo a bayan gefen rijiya, na sama ya rasa abin da zai dogara a kai. Rijiyoyi da yawa ta haka suka rufta, wasu da masu yashe su a ciki.

Zuwan Turawa da sauyin rami

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma cikin 'yan shekaru ƙarfen waje da tarkacen reluwe suka fi ƙarfen gida araha. Maƙeri ya ci gaba da ƙira, amma mai haƙar tama da mai narka ta suka rasa kasuwa, ramukansu suka cike, ilminsu ya tafi tare da su zuwa kabari. Haka ya faru da mutanen Riruwai a kudancin ƙasar Kano, waɗanda suka shahara da narkar da kuza tun kafin Turawa. Kamfanonin da suka mamaye tsaunukan Jos daga farkon ƙarni na ashirin sun karɓe filayen kuza, narkar gargajiya ta mutu.

Ta fuskar rijiya kuwa, an sami ci gaba na gaskiya, kuma a nan ne aka fara rubutaccen bincike a kan tokare ƙasa a Arewa. Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1919, ta shiga aikin haƙar rijiyoyi a lardunan Arewa daga ƙarshen shekarun 1920. A 1937 wani jami'inta, H. A. Cochran, ya wallafa bayanin dabarar da suka daidaita a kanta. Ana haƙa ana zuba kankare a bayan allunan ƙarfe, ta yadda mai haƙa ba ya daɗewa a gaban ƙasa tsirara. Idan an kai ga ruwa sai a zura zobban kankare, a riƙa kwashe yashin da ke ƙarƙashinsu suna nutsewa da nauyinsu. Wannan ya toshe ainihin ƙofar da rijiyar gargajiya take mutuwa ta cikinta. Abin lura shi ne, dabarar ta yi nasara ne domin an danƙa ta ga ma'aikatan gida, kowace tawaga da shugabanta, kuma siffar ramin ba ta sauya daga wadda kakanninsu suka sani ba: zagaye, matsattse, a miƙe. Rijiyoyin siminti na zamanin En'e da har yau ake ɗiba a wasu ƙauyuka shaida ne.

A filin kuza labarin ya sha bamban. Manoman Arewa, har da na ƙasar Kano, sun riƙa tafiya ci-rani Jos domin neman kuɗin haraji da na aure. A can ba gwaninta ake saya ba, ƙarfi ake saya, kuma da yawan kwanon da mutum ya ɗauka ake biyansa. Bayan da Japan ta kama Malaya a 1942 Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai gwamnati ta kafa aikin tilas da aka sani da ɗiban gwamna, aka kwashi dubun dubatar mutane daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan zamani a littafin da ya wallafa a 1981. Yawancin aikin kamfanoni a buɗaɗɗen fili ake yinsa, amma a gefensa wata hanya ta yaɗu wadda ake kira loto: a haƙa rami a miƙe kamar rijiya har a kai ga shimfiɗar kuza, sa'an nan a karya a bi ta a kwance.

A wannan karyawar ne ilmin mai rijiya yake ƙarewa. Rami a miƙe gefe kawai gare shi, rami a kwance kuwa yana da rufi, kuma rufi abin da ke samansa duka yake ɗauke da shi. Ƙasa mai faɗin mita guda, tsawon mita guda, kaurin mita guda, nauyinta ya kai kimanin tan ɗaya da rabi, wato buhun masara goma sha biyar. Idan kuma aka ninka faɗin rufi sau biyu, wahalar da ke kansa sau huɗu take ninkuwa. Ga shi kuma abin da ake nema yana cikin ginshiƙin da ya kamata a bari ya riƙe rufin. Mai rijiya babu abin da zai ƙaru da shi idan ya faɗaɗa raminsa, mai loto kuwa duk tafin hannun da ya ƙara ci kuɗi ne. Kwaɗayi da tsaro suka koma suna jan igiya ɗaya ta fuska biyu.

Darasin da duniya ta saya da rayuka

Domin a gane abin da ya ɓace wa mahaƙin Arewa, sai a leƙa ƙasashen da suka riga mu shiga zurfin ƙasa, a ga yadda suka koyi nasu. A watan Janairu na 1862, a mahaƙar kwal ta Hartley da ke Ingila, ƙarfen injin zuƙe ruwa ya karye ya faɗa cikin ramin shiga guda ɗaya tilo da mahaƙar take da shi, mutum 204 suka halaka. A cikin wannan shekarar majalisa ta wajabta wa kowace mahaƙar kwal ƙofa biyu. A 1925 Karl Terzaghi ya fitar da littafin da ya kafa ilmin halayyar ƙasa, wanda ya bayyana da lissafi abin da mai yashe rijiya ya sani da fargaba: ruwan da ke cikin ƙasa rage mata ƙarfin riƙe kanta yake yi. Daga ƙarshen shekarun 1940 mahaƙan Amurka suka rungumi dabarar soka dogayen ƙusoshin ƙarfe cikin rufi, su ɗinke shimfiɗun dutse su zama kauri guda.

Babban darasin kuwa a nahiyarmu aka koye shi. Ranar 21 ga Janairu, 1960, mahaƙar kwal ta Coalbrook a Afirka ta Kudu ta rufta da mutum 437, mafi yawansu 'yan ci-rani daga Lesotho da Mozambik. An daɗe ana rage kaurin ginshiƙan kwal da ke riƙe da rufi domin a ƙara yawan abin da ake fitarwa. Ƙasa ta yi gargaɗi: wani sashe ya rufta makonni kaɗan kafin ranar, wani kuma ya sake zubewa a yammacin ranar, ma'aikata suka gudo, aka mayar da su bakin aiki. Bayan wannan musiba ne gwamnati da kamfanoni suka zuba kuɗi a bincike. A 1967 M. D. G. Salamon da A. H. Munro suka nazarci wurare 125, waɗanda suka rufta da waɗanda suka tsaya, suka fitar da lissafin da ke nuna kaurin da ginshiƙi yake bukata gwargwadon tsayinsa da zurfinsa. A 1973 Z. T. Bieniawski ya fito da ma'aunin da ake ba dutse maki da shi bisa ƙarfinsa da tsagoginsa da ruwan da ke cikinsa, domin a san irin tokarin da ya dace da shi. A 1995 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 176, wadda ta ba mahaƙi 'yancin barin wurin da ya ga alamar haɗari mai tsanani.

Wannan 'yanci na ƙarshe shi ne ya fi kusa da zuciyar zancen. Mutanen Coalbrook ba jahilan ƙasa ba ne. Sun ji ƙarar ginshiƙai, sun fahimce ta, sun gudu. Abin da suka rasa shi ne ikon su ƙi komawa. Ƙasa takan yi magana kafin ta faɗo: tsakuwa ta riƙa zubowa, itacen tokari ya riƙa ƙara, tsaga ta buɗe, rufin da aka ƙwanƙwasa da ƙarfe ya amsa kamar ganga maimakon ya yi ƙara mai kaifi. Ilmin zamani ya ƙara wa kunne na'ura, amma bai sauya tambayar wanda za a saurara ba.

Ramin zinare

Ƙasar Kano ta taɓa samun mahaƙar ƙarƙashin ƙasa irin ta zamani a Riruwai, inda aka bi jijiyar kuza da tutiya cikin dutse a shekarun 1970, bayan kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972. Aikin bai yi tsawon rai ba, kuma faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta durƙusar da sana'ar baki ɗaya. Kamfanoni suka watse, injiniyoyi suka koma wasu ayyukan, aka bar talaka da diga da shebur.

A halin nan ne zinare ya taso. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai a ƙasar Bichi ko Minjibir yau jikoki goma ne suke rabonta, saboda haka matashi yana gama girbi yake ɗaukar jaka, kuma cikin wuraren da ci-rani yake kai shi har da ramukan zinare. Abin da ake tararwa a can sananne ne. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ranar 7 ga Nuwamba, 2021, ramukan zinare suka rufta a yankin Ɗan Isa na Jihar Maraɗi, kusa da iyakar Nijeriya, aka fara da ƙirga gawa 18. Ranar 3 ga Yuni, 2024, bayan ruwan sama mai yawa, mahaƙar Galkogo a ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja ta rufta da ma'aikata masu yawa. A irin waɗannan wurare akan haƙa ramuka kusa da juna har su haɗe ta ƙasa, a ci ginshiƙin da ke tsakani, a tara ƙasar da aka fitar a bakin rami ta ƙara masa nauyi, a yi aiki da damina, ƙofa kuma guda ɗaya. Kowace ƙa'ida da gwanin rijiya ya kiyaye, da kowace da Hartley da Coalbrook suka koyar, an take ta.

Ba doka aka rasa ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 sun tanadi sashen sufetocin mahaƙa, sun kuma buɗe wa ƙananan mahaƙa ƙofar yin rajista a ƙungiyance. Amma tsarin mulki ya sanya ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, saboda haka mai ikon hana aiki yana nesa, dagacin da ke kusa kuma ba shi da hurumi. Wanda ya rage a bakin rami shi ne mai ɗaukar nauyin aikin, wanda ya ciyar da ma'aikata bashi yana jiran dutse. Shi kuwa duk ranar da aka ce a fito, asara ce a gare shi.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan zamunna za a ga cewa karkarar Kano ta taɓa mallakar ilmi ƙarami mai cikakken iko, a hannun gwanin da almajiransa ba su ƙetare maganarsa. Duniya ta tara ilmi mai yawa daga baya, amma yana cikin littattafan Turanci da azuzuwan jami'a, bai sauka cikin ramin da ɗan ci-rani yake ba. Matashin yau ya faɗa tsakanin biyun, bai gāji na kakansa ba, na injiniya kuma bai iso gare shi ba.

Tarihin rijiyar siminti ya nuna cewa haɗa su mai yiwuwa ne, tunda an taɓa yi a wannan ƙasa da waɗannan mutane. Abin da mai ramin zinare yake bukata bai fi ƙarfin harshen Hausa ba: tazarar da za a bari tsakanin rami da rami, faɗin da rufi ba zai wuce ba, ginshiƙin da ba a taɓawa ko da zinare yana ƙyalli a jikinsa, ƙofa ta biyu, da rufe aiki idan damina ta sauka. Sa'an nan a kowane rami a sami mutum guda da ya san waɗannan, wanda abincinsa bai rataya a kan dutsen ranar ba, kuma hukuma da sarakuna suka tsaya a bayansa. Sharaɗin nan da malaman fiƙihu suka gindaya yana nan yana jiran amsa a bakin kowane ramin da ya rufta: shin babu hannun kowa a ciki? Wanda ya san faɗin da rufi zai iya ɗauka, ya ga tsakuwa tana zubowa, ya ce a koma, ba zai fake da ƙaddara ba.